Ruwa Gwani Yake Ci: Lissafin Cacar Karta a Intanet da Kuɗin Fadamar Haɗejiya

Duk wanda ya tashi a gaɓar kogin Haɗejiya ya san abin da Bahaushe yake nufi da ya ce ruwa gwani yake ci. Wanda bai iya iyo ba ba ya yin nisa da bakin gaɓa, saboda haka da wuya a ji kogi ya tafi da shi. Wanda ya amince da ƙarfin damtsensa shi ne yake kutsawa tsakiya a watan Agusta, lokacin da ruwa ya taho da fushinsa. Na kawo wannan karin magana ne domin in ja hankalin mai karatu zuwa ga wani kogin da ya shigo mana ta cikin wayar salula, wato cacar intanet, musamman reshenta da ya fi iya yaudarar masu ilimi, cacar kartar nan da Turawa suke kira foka.

Gaskiya ne cacar ƙwallon ƙafa ita ce ta fi yaɗuwa a tsakanin matasanmu, amma ƙofar duka ɗaya ce, domin wayar da ake buga waccan da ita ake buga wannan. Bambancinsu shi ne, mai cacar ƙwallo ya san sa'a yake nema, ko da bai faɗa ba. Mai buga foka kuwa zai gaya maka cewa shi ba ɗan caca ba ne, ƙwaƙwalwa yake amfani da ita, kuma wasan na masu lissafi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Shahararren masanin lissafin nan John von Neumann, wanda ya aza harsashin ilimin nazarin dabarun wasa a 1928, daga foka ya samo wani ɓangare na tunaninsa. Tunda haka ne, bari mu bi ɗan foka har gidansa. Mu ba shi katin da ya fi kowanne ƙarfi, mu bar shi ya buga kamar yadda gwanayen wasan suke koyarwa, sannan mu ga abin da zai rage masa.

Yadda wasan yake

Nau'in da aka fi bugawa a intanet shi ne Texas Hold'em. Da kati 52 ake yin sa. Ana raba wa kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, waɗanda shi kaɗai yake gani. Daga nan sai a buɗe kati biyar a tsakiya, na kowa da kowa: uku a tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. A kowane mataki mutum yana da zaɓi, ko ya ƙara kuɗi, ko ya biya abin da wani ya ƙara, ko ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. Wanda ya haɗa kati biyar mafi daraja, ko wanda kowa ya janye ya bar shi, shi ne yake kwashe kuɗin da aka tara.

Ana buga shi ta hanya biyu. Akwai gasa, inda mutum yake biyan kuɗin shiga sau ɗaya, idan an fitar da shi ya tafi gida. Akwai kuma wasan tsabar kuɗi, inda duk abin da ke gabanka kuɗinka ne na zahiri, kuma idan ya ƙare ba wanda zai ce ka tashi, sai dai ka sake turo wani daga asusunka. Wannan na biyun shi ne abin maganarmu.

Mafi kyawun rabon da mutum zai samu shi ne tagwaye manya, wato kati biyu iri ɗaya masu daraja: As biyu, masu harafin A, ko Sarki biyu, ko Sarauniya biyu. Hanyoyin da za a iya raba wa mutum kati biyu daga cikin 52 guda 1,326 ne, kuma shida ne kacal daga cikinsu suke ba da tagwayen As. Ma'ana, sau ɗaya a cikin rabo 221 ake samun su. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin wanda ya daɗe yana jiran abu, ranar da ya zo hannunsa ba ya son sakin sa.

Abin da gwanaye suke koyarwa

Darasi na farko shi ne, kada ka yi lamɓo da tagwaye manya. Sabon shiga yakan ɓoye ƙarfinsa, ya biya kaɗan domin kowa ya shigo, a zatonsa hakan zai ƙara yawan abin da zai kwasa. Gwanaye sun ce wannan kuskure ne, a ƙara kuɗi tun kafin a buɗe katin tsakiya, kamar ninki uku na kuɗin buɗe wasa, idan kuma wani ya riga ya ƙara, a sake ninka nasa. Dalili kuwa lissafi ne. Tagwayen As suna cin abokin karawa ɗaya kusan sau 85 cikin 100. Idan abokan karawar biyu ne, rabon ya sauko zuwa kusan 73. Idan sun kai biyar, ya koma kusan 49, wato ƙasa da rabi. Idan tebur ya cika, abokan karawa tara suka tsaya har ƙarshe, mai katin da ya fi na kowa ƙarfi zai ci ne sau 31 kawai cikin 100. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu iya magana, kuma ga shi alƙaluma sun gaskata su.

Darasi na biyu shi ne, ƙarfin tagwaye na ɗan lokaci ne. Da zarar an buɗe kati ukun farko, labari yana iya sauyawa. Mai riƙe da Sarki biyu zai ga As ya bayyana a tsakiya kusan sau 23 cikin 100, kuma duk wanda yake da As ɗaya a hannunsa ya wuce shi ke nan. Mai Sarauniya biyu zai ga katin da ya fi nasa kusan sau 41 cikin 100. Ko mai As biyun ma bai tsira ba, domin wanda ya shigo da ƙananan tagwaye, kamar bakwai biyu, yana samun na ukunsu a buɗin farko kusan sau 12 cikin 100, kuma uku iri ɗaya sun fi biyu komai girmansu. Abin da ya fi muni, irin wannan tarko ba ya nuna alama, mai As biyu yana ta zuba kuɗi yana murna, alhali an riga an gama da shi.

Darasi na uku, wanda shi ne mafi wuya, shi ne sanin lokacin ajiyewa. Idan katunan tsakiya suka jeru bi da bi, ko uku daga cikinsu suka zo da alama iri ɗaya, sannan mutumin da tun ɗazu yake bi a hankali ya tashi ya zuba duk abin da ke gabansa, to gwanaye sun ce sau da yawa tagwayenka sun mutu, ka haƙura. A tsakanin 'yan foka sanannen zance ne cewa tagwayen As ƙaramin tari suke ci, babban tari kuma su ake ci da shi. Idan ka fi kowa ƙarfi, mutane suna janyewa da wuri, abin da ka samu kaɗan ne. Ranar da wani ya tsaya maka har ƙarshe, akasari ya tsaya ne don ya riga ya fi ka.

Darasi na huɗu shi ne na jari. Ana shawartar mai wasan tsabar kuɗi kada ya zauna a tebur sai yana da ninki 20 zuwa 50 na abin da zai ajiye a gabansa, kuma ya kasance kuɗin da ba ya bukata don ci ko sha ko haya.

Inda ruwa yake cin gwani

Wannan darasi na huɗu ya cancanci a tsaya a kansa. A ce kana da As biyu, abokin karawarka yana da Sarki biyu, kowa ya zuba duk abin da ya mallaka. Wannan shi ne yanayin da kowane ɗan foka yake mafarki, domin rabonka na ci ya kai kusan 82 cikin 100. To amma a ce ka maimaita haka, kowane karo kana zuba duk abin da ke hannunka ga wanda ya fi ka jari. Damar ka tsallake sau biyu a jere ita ce 67 cikin 100. Sau uku, 55. Sau huɗu, 45. Sau biyar, 37. Wato mutumin da ya yi sa'ar samun kati mafi ƙarfi sau biyar, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba, ya fi kusa da tashi hannu rabbana fiye da tashi da riba. Duk ɗalibin babbar sakandare da ya karanta lissafin yiwuwa zai iya tabbatar da wannan da biro da takarda.

Sannan ga halin ɗan Adam. A 1979 masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar mutum, kuma wanda yake fuskantar asarar da ta tabbata yakan gwammace ya yi kasada mafi girma da fatan kauce mata. Kahneman ya samu lambar Nobel a 2002. Abin da suka gano shi ne ainihin abin da yake hana mutum ajiye tagwayen As. Ya jira rabo 221, ya zuba rabin kuɗinsa, yanzu kuma a ce ya saki? Zai biya, ya faɗi, ya ce ƙaddara ce ta ratsa, ya turo wani kuɗin domin ya fanshe. A teburin gaske akwai tashi, akwai tafiya gida, akwai idon jama'a da kan sa mutum ya ji kunya. A waya ba ko ɗaya, kuma rabon kati ya ninka na teburin gaske sauri, har mutum yana iya buɗe tebur huɗu a lokaci guda yana kwance a ɗakinsa.

Rabon mai gida

A ce ɗan wasanmu ya mallaki zuciyarsa, yana da jari, yana ajiyewa a lokacin da ya dace. Har yanzu da sauran rina a kaba, domin akwai wanda ba ya riƙe kati amma yana ci a kowane zagaye, shi ne kamfanin da ya shimfiɗa teburin. La'adarsa yawanci kusan kashi 5 cikin 100 ce na abin da aka tara, zuwa wani iyaka. Mu ɗauki misali. Mutum shida sun zauna, kowa da naira 10,000, jimla 60,000. A ce matsakaicin tari naira 2,000 ne, la'ada naira 100 ke nan. Idan aka cire ta sau 40 a awa ɗaya, naira 4,000 ta fita. Cikin awa biyar naira 20,000 ta bar teburin, wato sulusin kuɗin da suka zo da shi, ba tare da ɗayansu ya gan ta ba. Su shida suna ta faɗa a kan ragowar. Saboda haka bai isa mutum ya fi abokan wasansa iyawa ba, sai ya fi su da tazarar da za ta biya la'ada, sannan a fara maganar riba.

Su waye ma abokan wasan? Wannan tambaya tana da tarihi. An fara buga foka da kuɗin gaske a intanet a 1998. A 2003 wani akawu ɗan jihar Tennessee a Amurka, Chris Moneymaker, ya samu gurbin shiga babbar gasar duniya ta Las Vegas ta hanyar wasan intanet da bai kai dala 100 ba, ya doke mutum 838, ya tafi da dala miliyan 2.5. Labarinsa ya ja miliyoyin mutane cikin harkar, kowa yana ganin gobe shi ne. Abin da ya biyo baya ba a cika ba da labarinsa ba. A 2007 aka bankaɗo cewa a shafin Absolute Poker akwai wani na cikin gida da yake ganin katunan kowa a rufe yana wasa da su. A ranar 15 ga Afrilu, 2011, hukumomin Amurka suka rufe manyan shafuka uku, daga baya masu gabatar da ƙara suka ce ɗaya daga ciki, Full Tilt Poker, 'yan wasa suna bin sa kusan dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce kusan miliyan 60 ba. 'Yan wasan Amurka sai da suka shekara kusan uku kafin a fara mayar musu da kuɗinsu, su da suke da gwamnati da kotunan da za su bi musu kadi.

Bugu da ƙari, na'ura ta shigo fagen. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta lallasa ƙwararru huɗu a zagaye 120,000. A 2019 wata mai suna Pluribus ta yi irin haka a teburin mutum shida. Wanda yake zaune a Haɗejiya yana ganin suna da hoto a fuskar wayarsa ba shi da hanyar sanin ko mutum ne, ko na'ura ce, ko kuwa mutum uku ne a ɗaki ɗaya suna nuna wa juna katunansu.

Me ya haɗa wannan da Haɗejiya?

Abin da ya haɗa su shi ne yanayin shigar kuɗi. Arzikin ƙasar Haɗejiya, daga Auyo da Kafin Hausa zuwa Kirikasamma da Guri, a dunƙule yake zuwa: an yanke shinkafa, an casa alkama, an kwashe tattasai da attaruhu, an kai banda kasuwar kifi. A Janairun 2023 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo, mai faɗin sama da hekta 5,000, kuma a Nuwamban shekarar a Haɗejiya Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirinta na noman alkama. A wannan shekara dai ƙarancin takardun naira ya tilasta wa manomi da ɗan kasuwa karɓar kuɗi ta waya. Kuɗin da a da ake ƙullewa a ƙasan akwati, ko a mayar da su bijimi, yanzu suna zaune a asusun da ke cikin waya, kuma a gidaje da dama wayar tana hannun ɗan da ya yi boko, domin shi ya iya latsa ta. Tsakanin kuɗin kaka da teburin caca babu nisan da ya wuce motsin babban yatsa.

Ba ɗan manomi kaɗai ba. Ma'aikacin da albashi ya shigo masa, da mai sana'ar POS da yake juya kuɗin mutane, da ma'ajin ƙungiyar manoma, da ɗalibin da aka turo wa kuɗin rajista, kowannensu akwai ranar da yake ji kamar an raba masa As biyu. Kuma da yake ya yi karatu, shi ne ya fi saurin yarda cewa shi dabara yake yi, sauran ne 'yan caca.

Abin mamaki, iyayenmu na fadama sun riga gwanayen foka sanin darasin jari. Mutumin da yake noma a bakin kogin da ba shi da alƙawari bai taɓa zuba komai a wuri ɗaya ba. Yana da shinkafa a fadama, yana da gero da dawa a tudu, idan ruwa ya janye ya bi danshi da wake, idan ruwa ya yi yawa ya ɗauki koma, ga 'yan awaki a gida. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 halin kogin ya sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta ci gonaki a 2012 da 2018 da 2020 da 2022, amma gidan da ya raba ƙafa kuma bai taɓa irin shukarsa ba yakan tashi bayan kowace masifa. Ko a shekarar da shinkafa ta fi kyau, dattijo ba ya sayar da iri. Kasadar manomi kuma tana haifar da abinci, idan ya ci kowa ya ci. Teburin caca ba ya haifar da ƙwayar hatsi ɗaya, kuɗi ne kawai suke tashi daga aljihu zuwa aljihu, suna raguwa a hanya.

Abin yi

Hukuncin caca a Musulunci ba abin jayayya ba ne. Alƙur'ani ya haɗa ta da giya a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun 2000. Malamai suna nasu ƙoƙarin a kan mumbari. Amma saurayin da ya shawo kan kansa da cewa wannan wasan basira ne yana bukatar a tare shi ta ƙofar da ya shiga, wato ta lissafi, kuma wannan aikin 'yan boko ne. Lissafin yiwuwa yana cikin manhajar sakandare. Me zai hana malaman lissafi, da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, su riƙa koyar da shi da irin waɗannan alƙaluma, har ɗalibi ya lissafa da hannunsa yadda 82 take komawa 37?

Ta fuskar doka, ƙwallon yana ragar jiha. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, majalisun jihohi ne suke da ikon yin doka a kan lamarin. Wata guda kafin nan Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Rufe shago yana da amfaninsa, sai dai ba ya kai wa ga wayar da ke ƙarƙashin matashin kai. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ta hanyar kuɗi suka bi. Dokar Amurka ta 2006 ta hana kamfanonin caca karɓar kuɗin cacar intanet da ta saɓa doka, ta kuma ɗora wa bankuna alhakin toshe su. Indiya a 2025 ta haramta wasannin kuɗi na intanet gaba ɗaya, har da tallarsu. Ya kamata Majalisar Dokokin Jigawa ta yi doka bayyananna a kan cacar intanet da tallarta, gwamnonin Arewa kuma su haɗa murya su tunkari Babban Bankin Nijeriya da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, tunda hanyar kuɗi da hanyar sadarwa a hannunsu suke.

A matakin gida, ƙungiyoyin manoma da na masunta su daina barin kuɗin jama'a a wayar mutum ɗaya, a buɗe asusun da sai mutum biyu sun sa hannu. Uban da ɗansa yake riƙe masa asusu ya sa a riƙa karanta masa abin da ya shiga da abin da ya fita, wannan ba rashin yarda ba ne, tsari ne. Wanda kuma ya riga ya faɗa, a sani cewa tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a aji ɗaya da jarabar ƙwaya. Biya masa bashi a ɓoye don gudun abin kunya ƙara masa jari ne kawai. A karɓe ragamar kuɗi daga hannunsa, a kai shi ga likita, a kuma ja shi a jiki.

Fadamar Haɗejiya tana ciyar da mutanen da ba su taɓa ganin ta ba, kuma gumin da ake zubarwa a cikinta ya fi ƙarfin a miƙa shi ga wani kamfani da ba mu san inda ofishinsa yake ba. Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya sa albarka a abin da muka noma.